Ramin Bakin Rumfar Kalla

Kalla mai faci ba shi ya haƙa ramin ba, bai kuma taɓa ƙara masa faɗi ba, wannan kowa a garin zai shaida. Ruwan damina ne ya fara cin gefen hanya, manyan motocin albasa masu gangarawa Madawa suka ƙarasa aikin. Iyakar abin da Kalla ya yi shi ne, da ya ga ramin ya zauna daram, sai ya cire rumfarsa daga bayan tasha ya kafa ta gindin wata bishiya da ke kallonsa.

Tun daga nan kasuwa ta buɗe masa. 'Yan gari sun san wurin, suna kauce masa. Baƙi kuwa, musamman 'yan kabu-kabu masu fitowa daga wajen Keita a guje, sai dai a ji kwaram, sannan a ga mutum yana turo moto, wato babur, yana zage-zage. Kalla zai tashi ya yi masa sannu har zuciya, ya ba shi ruwa, ya jawo famfo da gam. Matarsa Sauda ta samu sabon zane, miyar gidan ta fara ganin nama ba sai ranar kasuwa ba.

Wata safiya, bayan an sha ruwan sama, ramin ya cika taf ya yi kwance kamar ɗan tabkin da bai kai idon sawu ba. Kalla na hura wutar shayi sai ya hango moto tafe, mai shi sanye da farar riga, da babban kwando ɗaure a baya. Sai da ya matso Kalla ya gane shi. Malam Barmo ne, mahaifin Sauda, ya taso daga ƙauyensu zai kai ƙwan zabi kasuwa.

Kalla ya zabura yana ɗaga hannu biyu. Tsohon ya zaci gaisuwa ce, ya saki hannu ɗaya ya amsa.

Da aka tsamo shi, Allah ya kiyaye, ba karaya, sai ƙujewa a gwiwa. Amma ƙwai ko ɗaya bai tsira ba, kuma rabinsu a jikin farar rigar suka ƙare. Kalla ya durƙusa gefe, kai a sunkuye, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Sannu, Baba. Sannu."

"Ka gani da idonka?" in ji Malam Barmo, yana share gwaiduwa daga gemunsa.

"Na gani, Baba."

"Madalla. Ranar Litinin mu tahi meri, wajen magajin gari, kai ne shaidata. Na ji a rediyo an ce duk wanda hanyar gari ta cuta shina da ikon kai kuka. Wanga rami sai an rufe shi, ni kuma sai an biya ni."

Kalla ya san ramin nan shi ne abincinsa. Amma wa zai ce wa surukinsa a'a? Ya wuni yana miƙe ƙafar moton da ta lanƙwashe, ya sa sabon tib, ya wanke shi tas, ya kai masa har gida bai karɓi ko godiya ba. Da ya ba Sauda labari, ta tabbatar ubanta lafiya lau yake, sai ta yi ta dariya har ta dafa turmi.

"Kai za ka kai ƙarar uban gidanka?" ta ce.

Ranar Litinin suka isa ofishin magajin gari. Malam Barmo na riƙe da leda baƙa, ya hana kowa taɓawa. Aka shigar da su wajen mataimakin magajin gari, Alƙasim, mutum mai fara'a wanda shi ma Kalla ya sha yi wa faci. Ya gaida tsohon da ladabi, ya saurari bayani, sannan ya tambayi shaida. Da aka nuna masa Kalla, sai ya aje alƙalami.

"Kalla? Kai ne ka zo ƙarar ramin?"

"Rakiya na yo, ranka ya daɗe."

"To gaya mini, mutane na yawan faɗawa ciki?"

"Ah, to... jefi-jefi dai."

Malam Barmo ya yi gyaran murya. Bai ko dubi Kalla ba.

"Kullum ne, ranka ya daɗe," in ji Kalla da sauri. "Ranar kasuwa ma har layi ake."

Alƙasim ya danne dariya, ya juya ga tsohon ya ce maganar diyya tana da wuya, don sai an ga hujjar ɓarnar da aka yi. Abin da Malam Barmo ke jira ke nan. Ya kwance leda, ya zaro farar rigar nan, ba a wanke ta ba tun ranar, ya shimfiɗa ta a kan tebur.

Sakataren da ke zaune gefe ne ya fara ficewa. Alƙasim ya tashi ya buɗe taga, ya dawo yana magana da hannu a hanci.

"Baba, mun gamsu. Don Allah a mayar."

"A'a, duba da kyau, ɗana. Ga bayanta ma."

"Wallahi mun gamsu!"

Magana ba ta ƙara tsawo ba. Alƙasim ya ce wannan yanki na hanya cikin gari yake, nauyinsu ne, ba ya musu. Gyaran moto za su iya biya in an kawo wanda ya gyara. Malam Barmo ya nuna Kalla da haɓa, ya ce surukinsa ne, kuma kyauta ya yi.

"To ka ga nan ba asara," in ji Alƙasim.

Ƙwai kuwa, ya ce babu inda aka tanadi kuɗinsu, amma zai roƙi majalisa a yafe wa tsohon tikitin kasuwa har kaka. Malam Barmo ya ce ya yarda, muddin za a rufe ramin. Sai da Alƙasim ya yi alkawari gaban shaida kafin rigar ta koma leda.

Abin mamaki, ba a daɗe ba sai ga mota ta juye jar ƙasa da tsakuwa a wurin. Aka yi gayya, kuma da yake bakin rumfarsa ne, Kalla ya fi kowa riƙe shebur. Malam Barmo ya zauna kan bencin Kalla yana shan shayinsa yana nuna inda bai daku ba.

Hanya ta yi sumul. Kalla ya koma zaman kallon motoci suna wucewa fuu, ba mai ko ɗaga masa hannu. Don kada zaman ya yi yawa ya fara jera kwalaben fetur, abin ya ɗan taɓa. Sai dai 'yan kabu-kabu, da suka ga ba abin tsoro, suka mai da wurin filin tsere. Ranar da ɗayansu ya kwashe akuyar maƙwabta ya kusa haɗawa da wata mai tallan fura, Kalla ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi meri shi kaɗai.

"Yau kuma fa?" in ji Alƙasim.

"Ranka ya daɗe, gudu ya yi yawa. Na ce ko a yi muna ɗan tudu a tsakar hanya, irin wanda ke sa a taka burki."

Alƙasim ya gyara zama.

"Daidai ina?"

"Daidai bakin rumfata ya fi dacewa."

"Saboda awaki, ko?"

"Awaki da masu talla," in ji Kalla, fuskarsa ba alamar wasa.

Alƙasim ya ce zai kai maganar gaban majalisa. Ya rako shi har ƙofa, yana ta girgiza kai, ya ce in ya tashi aiki zai biyo ya sha fetur.