Kira Uku

Shekara ashirin da shida Uwar Sashe ta yi a kan teburi ɗaya, kusa da taga ɗaya, a Sashen Lissafi na jami'ar nan da kowa ke mafarkin shiga. Sakatariya ce, amma ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Sashe, har farfesoshi suka ɗauka. Duk shekara mutum ɗari huɗu da wani abu ke neman gurbin digiri na uku, a zauna a tankaɗe a rairaye, a ɗauki shida. Sauran wasiƙa ɗaya ake tura musu, mai farawa da godiya, kuma ita ke turawa.

Tsakanin shidan nan da sauran akwai mutum biyar da ake ajiyewa a jerin jira. Dokar sashen tun kafin zuwanta ita ce: in ɗaya daga cikin shidan ya ce ba ya zuwa, sakatariya ta buga waya ga na farko a jerin. Kira uku a kwana uku, kowace rana ɗaya, kowane kira a rubuta shi a wani ɗan kati ruwan ɗorawa. In kwana ukun suka cika ba a same shi ba, sai a wuce wa na biyu.

A shekararta ta biyu gurbi ya buɗe da yammacin wata rana. Lokacin wayar gida ce mai igiya, wadda in ta gama ringi ba ta barin wata shaida. Ta buga wa Na Ɗaya ƙarfe huɗu saura minti ashirin, ba a ɗauka ba. Ta sake bayan minti biyar. Ta ƙara bayan bakwai. Motar ma'aikata kuwa ƙarfe huɗu take tashi, direban ba ya jiran ko ubansa, ga tsohon shugaban sashe yana ta mitar a rufe fayil ɗin ya huta. Sai ta ɗauki biro ta rubuta ranaku uku daban-daban a katin, ta kira Na Biyu. Ringi ɗaya ya ɗauka. Ta sami motar, har da kujerar taga.

Ni da nake ba ku labarin nan ba zan wanke ta ba. Ba cin hanci ta karɓa ba, ba ƙiyayya take yi da kowa ba, ko fuskar Na Ɗayan ba ta taɓa gani ba sai a hoton fasfo. Mota kawai take gudun ta tafi ta bar ta, kuma ƙanƙantar dalilin ce ta fi ci mata rai.

Na Biyu ya zo, ya yi karatu, ya yi fice, yau shi ne shugaban sashen. Mutumin kirki ne, abin haushi. Kullum da safe sai ya leƙo ofishinta ya ce, “Uwarmu, an tashi lafiya?” Ita kuma kullum sai ta ga kamar mutumin hoton fasfon nan yana tsaye a bayansa, siriri, mai kunnuwa a buɗe, sanye da rigar da wuyanta ya yi masa yawa. Ta sha gaya wa kanta cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, da gurbin nasa ne da ya ɗauki wayar. Maganar takan riƙe ta wata biyu ko uku. Da lokacin ɗaukar ɗalibai ya zagayo, sai ta fara jin ringin waya a ofishin da ba kowa. Katin kuwa ba ta taɓa mayar da shi ɗakin ajiya ba, yana can ƙasan durowarta, ƙarƙashin kwalin allurar takarda.

Bana ce shekararta ta ƙarshe kafin ritaya. Tana jera takardun masu nema sai idonta ya faɗa kan bayanin da wata yarinya ta rubuta game da kanta. Ba aikinta ba ne karantawa, amma layin farko ya riƙe ta. Yarinyar ta ce mahaifinta ne ya koya mata lissafi da murafun kwalba a kan tabarma. Ta ce malamin sakandare ne, ya taɓa zama na farko a jerin jiran wannan sashe, aka ce za a kira shi, ya yi wata guda yana gadin waya, ba a kira ba. Uwar Sashe ta duba sunan mahaifin, ta duba hoton yarinyar. Kunnuwan nan ne.

Ranar da kwamiti ya zauna ta kai musu shayi sau uku, abin da ba ta saba ba, har wani tsohon farfesa ya ce, “Yau Uwar Sashe so take ta nutsar da mu.” Da suka fito shugaban sashe ya miƙa mata takarda. Yarinyar ba ta cikin shida. Ita ce ta farko a jerin jira.

Mako biyu ana shiru, sannan wani daga cikin shidan ya rubuto cewa ya sami wani wuri. Uwar Sashe ta ciro sabon kati, ta buga lambar yarinyar. A kashe. Ta tura imel, shiru. Washegari ta sake bugawa, a kashe dai.

Shugaban sashe ya leƙo da tsakar rana. “Uwarmu, in ba a same ta ba gobe, ki wuce wa na gaba. Doka ce. Ni kaina ai da haka na shigo.” Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Rana ta uku ta kira da safe, a kashe. A ƙa'ida kira uku sun cika ke nan. Ta zauna tana kallon takardar yarinyar har la'asar, sai ta lura da wani ɗan layi a ƙasa, inda ake rubuta lambar wani na kusa. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata lokacin da ta buga.

Ringi biyu aka ɗauka. Muryar dattijo ce, a nutse.

“Malam, daga jami'a nake kira, Sashen Lissafi.”

Tana jin numfashinsa, da kukan wata fanka a bayansa.

“To,” ya ce. Sai ya yi wata 'yar dariya. “Ki gafarce ni, baiwar Allah. Zuciya ba ta da hankali. Na sani, maganar yarinyar ce.”

“Tata ce. An sami gurbi. Kwana uku ina neman ta.”

“Ai kashe wayar ta yi. Ta ce ita ba za ta zauna gadin waya kamar ubanta ba. Taurin kai, na uwarta ne.”

Nan ya kamata ta tsaya, ta ce a kira mata yarinyar, ta cike katinta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta jawo durowa, ta ɗaga kwalin, ta ɗora tsohon katin kusa da sabon.

“Malam, an kira ka.”

“Na'am?”

“Waccan shekarar. Gurbi ya buɗe, naka ne. Ni na kira. Kwana uku ya kamata in yi ina nemanka, sai na yi kiran uku cikin minti goma sha biyu, na rubuta ƙarya, na ba wani. Mota nake sauri.” Ta ƙara da cewa, “Shekara ashirin da huɗu ina jin kunyarka, ban san ka ba.”

Bai yi salati ba, bai zage ta ba. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

“Wace rana ce?” ya tambaya.

Ba ta buƙaci katin ba, katin ma ƙarya ne a kansa. “Sha bakwai ga wata na huɗu. Huɗu saura minti ashirin.”

Fankar ta ci gaba da kukanta.

“Wata guda ban taka ƙofar gida ba,” ya ce a hankali, “ko aski ban je ba. Rannan kaɗai na fita. Ina tsaye a bakin ɗakin haihuwa.”

Idonta ya sauka kan takardar yarinyar, kan layin ranar haihuwa, wanda ta wuce sau nawa ba ta karanta ba. Sha bakwai ga wata na huɗu. Ta dafe bakinta da hannu.

“Baiwar Allah, kina ji na?”

“Ina ji, Malam.”

“Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada ta ji wannan maganar, ko bayan raina. Na san halinta. Cewa za ta yi ita ta cinye min gurbi, ta ƙi zuwa.”

“Ba za ta ji ba.”

“Ki bar shi yadda ta san shi. Ba a kira ba.” Ta ji ƙarar kujera, yana miƙewa da nishin masu ciwon gwiwa. “Tana bayan gida tana shanya. Zan kira ta, amma tafiyata sai a hankali. Don Allah kada ki ajiye.”

Ta ji ya kwantar da wayar a kan wani abu mai tauri, ta ji takun silifas yana nisa. A waje motar ma'aikata ta yi hon sau biyu, kamar kullum, sannan ta tashi. Uwar Sashe ta riƙe wayar da hannu biyu, tana jira.