Harsashin Asibitin Toukra

A Toukra, can bayan gada, akwai wani fili da ƙadangaru suka fi so. Nan wata ƙungiya take aza harsashin asibitin masu sida, wato ƙanjamau. Duk shekara sai su zo da rumfa da lasifika da riguna masu tambari, su aza bulo guda, a ɗauki hoto, su tafi. Ba sa ɗorawa a kan na bara, wai mai hoto ya ce tsohon bulo ba ya kyau a hoto. Shi ya sa filin yake cike da bulo a warwatse, kowane da ƙadangarensa a kai, yana gyaɗa kai kamar har yanzu jawabi yake saurare.

Delu mai ƙosai ce ake tsayarwa a gefen bulon. Ita ce ta fito fili ta ce tana da cutar, saboda an yi mata alkawarin asibiti a bakin ƙofa. Tun ranar rabin masu sayen ƙosanta suka koma wani kasko. Maganinta kuwa har yanzu sai ta hau kilando, babur ɗin haya, ta haye kogin Shari, ta bi layi a cikin gari.

Bana sai bikin ya faɗo daidai ranar karɓar maganinta, ga kwalbar ta ƙare. Tana ɗaura mayafi sai ga Malam Abdussamad, jami'in ƙungiyar, yana haki.

"Inna Delu, ina zuwa? Baƙi sun taso!"

"Magani, ɗana. Kwalba ba komai."

"Haba Inna! Magani ai yana nan gobe. Baƙi kuwa yau jirginsu zai tashi."

"Gobe mai bayarwa ba ya zama, sai wani makon. Ku kai ni da motarku mana, in dawo in tsaya muku har ƙafata ta kumbura."

Ya waiga ya dubi motar, ya sosa ƙeya. "Cike take da riguna."

"To ba ni riga ɗaya in haɗiya da ruwa."

Ta tare kilando ta tafi abinta. Malam Abdussamad ya tsaya yana zufa, sai idonsa ya faɗa kan Wasila, ƙanwar Delu, mace ƙaƙƙarfa mai kumatu, wadda ko mura ba ta cika kama ta ba.

Da la'asar Delu ta dawo da maganinta a ƙulle a gefen zane. Ta tarar da Wasila sanye da sabuwar riga, tana ta fara'a.

"Yaya, kin yi rashi! Har tafi aka yi mini. Babbar baƙuwar ta taɓa dantsena ta ce a duba yadda aikinsu yake gyara jiki."

"Madalla. Rufin asibitin fa, sun ce yaushe?"

Wasila ta sunkuyar da kai. "Wai tunda masu cutar Toukra sun murmure haka, babu gaggawa. Baɗi a unguwar Goudji za su aza harsashin."

Delu ta ɗebo ruwa a randa ta haɗiye ƙwayarta. Sannan ta leƙa waje, ta ƙwala wa mai kilandon kira tun bai yi nisa ba.

"Kai ɗan nan, dubi ƙofar nan da kyau. Ni da kai za mu daɗe muna bin hanyar nan."