Ƙafar Toribia

Da hantsi Hilaria ta durƙusa a filin shanya, ta ɗauki dankali ɗaya ta matsa. Maimakon ta ji shi da tauri kamar dutse, sai ya fashe, wani ruwa mai wari ya bi yatsunta. Tir! Watan Yuni ne fa, tsakiyar sanyi a nan kan tsaunuka, lokacin da ƙanƙara ke daskarar da dankali, rana ta narkar da shi, mata su tattake shi da ƙafa har ya bushe ya zama cunyo. Cunyo kuwa shi ke riƙe tukunyar gida har wata kaka. Ga rabin amfanin gonarta nan kwance yana ruɓa.

Ko da ta ɗaga kai, sai ga Toribia, matar ƙanenta, tafe.

"Yaya, ina kwana? Ya daskare kuwa?"

"Ni kike tambaya? Wa na gani jiya ya ratsa ta nan ba takalmi?"

"Tumaki na koro, Yaya."

"Hanya ta ƙare ne, sai ta kan abincina?"

Toribia ta kwashe da dariya. "Kai, Yaya! Da ƙafata na da wannan zafin, ai da a kanta kuke ɗora miya."

Hilaria ba ta yi dariya ba. Toribia 'yar kwari ce, can ƙasa inda ake noman ayaba, mutane na yawo ba bargo. Kuma Hilaria ta daɗe tana lura: tun shekarar da aka auro ta sanyi ke ja da baya. Farar ƙanƙarar da ke kan tsauni sai zaizayewa take yi, tsutsar da ba a san ta ba ta shiga gonaki, yau kuma ga wannan. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da Hilaria ta kai wa mijinta Saturnino maganar, sai ya ce, "Ki ji tsoron Allah, Hilaria. A rediyo sun ce duk tsaunukan nan ne, shekara da shekaru zafi na ƙaruwa a hankali. Har ƙauyukan ƙetaren tafki kuka suke."

"Rediyo ya taɓa taka cunyo? Can ɗin ma ai ba a rasa wanda ya auro 'yar kwari ba."



Washegari ta labta wa jakuna sauran dankalin, ta ce wa Toribia kasuwa za ta. Sai ta karkata ta hau tsauni, ta yi ta hawa har fili na ƙarshe, wanda uwarsu ke hana su zuwa suna yara don sanyinsa na tsaga fata. Ta baza dankalin a kan ciyawa. Ta share ƙasa kewaye da shi tas, yadda ko ɓera ya gitta sai ta ga sawunsa. Ta tare a bukkar makiyaya tana gadi.

Sanyin ya zo, amma zuwan rowa. Ya ɗan taɓa dankalin ya sake shi, ya kuma taɓawa ya sake, bai kama ba, bai kuma bar shi da ransa ba. Wata safiya ta matsa ɗaya, ya fashe.

Ta miƙe ta bi shararriyar ƙasar nan, ido a ƙasa. Ta zagaya, ta sake zagayawa a durƙushe. Allah ya sani ta so ta ga sawun, ta so ƙwarai! Da ta gan shi, da ta san wadda za ta kora, da baɗi an ci cunyo a gidanta. Amma sawu iri ɗaya ne a wurin, nata.

Ta dubi sama. Babu sauran fili, sai baƙin dutse tsirara. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta zauna a tsakiyar dankalin, ta kwance bargon kafaɗarta, don gumi ya fara damunta.