Addu'ar Abinci

Tun da ciwon mantuwa ya kama maigidana na shiga gaba da Ubangiji. Ban faɗa wa kowa ba. Ranar Lahadi nakan je coci in motsa baki kamar kowa, amma tsakanina da Shi ko gaisuwa babu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar asibiti, ya san kowane lungu, shi ne yau yake ɓacewa tsakanin ɗaki da banɗaki. Ni da na haifa masa 'ya'ya huɗu na koma "baiwar Allah" a bakinsa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na dawo da keken ɗinkina falo don idona ya kasance a kansa. Matan zumuntar coci sukan zo su ce, "Haƙuri, Mama, Allah yana sane." In ce to. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu ɗaya ciwon bai taɓa ba, addu'ar abinci. Kullum shi ke yi, ni in riƙe cokali ina jira ya gama.

Wata rana da tsakar rana na ajiye ɗinki na kawo masa abinci. Ya rufe ido ya ce, "Ya Uba," sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Da ya buɗe ido na ga tsoro a ciki.

"Ci, Baban yara, magani na jiranka."

Ya kau da kai. "Ba a yi addu'a ba."

Na lallashe shi, na yi faɗa, ko gezau. Taurin kan nan dai bai manta da shi ba.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "ke kin iya? Taimaka mini."

Na ajiye cokalin. Ba ni da wata kalma mai daɗi, sai na ba da abin da ke akwai.

"Yesu, na gaji. Fushi nake da kai. Kai ma ka sha wuya, ka san yadda take. Kada ka bar mu. Ga abinci, mun gode."

"Amin," in ji shi, da muryarsa ta dā.

Hawaye na zuba, amma ƙirjina ya yi sakayau. Ya karɓi loma, ya tauna, yana dubana.

"Kin iya addu'a," ya ce. "Mijinki ya yi dace."

"Gobe ma zan yi," na ce, na ɗebo masa wata.