Karin Kumallo Kafin Ɗibar Jini

Likitan fata ya ture kwalin maganin gefe. "Na dakatar da shi, Malama. Alamar kumburi a jininki ta sauka, amma kitsen jinin ya yi sama, kuma maganin nan ƙara shi yake yi."

Malama ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Tun tana sakandare ƙuraje suka mamaye mata fuska, har ɗalibanta suna kiranta Tsakuwa a bayan idonta. Wannan ne maganin farko da ya fara kwantar da su.

"Ai ba ki ci komai ba kafin a ɗebi jinin ko?" in ji likitan, yana wanke hannu.

"Na ci mana. Ƙwai soyayye, burodi da bota. A gidanmu Mama ba ta barin kowa ya ƙetare ƙofa da yunwa."

"Ash! Gwajin nan da azumi muke yinsa. Ba a gaya miki ba?"

"Kai ka gaya min?"

"Wannan aikin ɗakin gwaji ne."

Can ta nufa, takalminta na dukan siminti. Ta tarar da mai ɗibar jini yana danna waya da safar hannu.

"Malam, da za ka caka min allura, ka tambaye ni ko na karya?"

"Haba 'yar'uwa, kowa ai ya sani."

"Kowa wa? A goshina aka rubuta?"

"Goshin naki ai babu sauran wurin rubutu."

Masu jira a kan benci suka tuntsire da dariya. Malama ta juya gare su. "Duk wanda aka turo gwajin kitse kuma ya karya, ya ɗaga hannu!"

Hannuwa suka yi ta tashi, har da wani dattijo mai ɓurɓushin burodi a gemu. Dariyar ta ɗauke ɗif.

Washegari da za ta koma a sake gwajin, Mama ta tare ƙofa da faranti. "Auta, ko loma ɗaya. Allura da yunwa? So kike ki zube a titi?"

"Mama, lomarki ɗaya ce ta raba ni da maganina."

Mama ta yi tsaki, ta juye ƙwai da burodi a leda, ta cusa mata a jaka.

"Kin ci wani abu?" in ji mai ɗibar jini, bai ko kalle ta ba.

"Ashe ka iya tambaya."

Da rana sakamako ya fito: kitsen bai wuce ƙima ba. Likita ya miƙo mata kwalin yana cewa ai dama ba komai. Ta karɓa, ba ta ce na gode ba.

Ta koma bencin ɗakin gwaji, ta buɗe ledar Mama, tana cin ƙwan da ya huce, kunnenta na ciki. Wata mata mai goyo ta shiga ta miƙa hannu. Mai ɗibar jini ya ɗaure mata damtse. Bai tambaye ta komai ba.

Malama ta ajiye burodin, ta miƙe.