Allon Gefen Fili

Shekara goma sha tara Dogo yana busa usur, kuma har gobe idan ɗan wasa ya yi ƙeta a can ƙarshen fili, tsaf zai hango shi. Abin kusa ne ya gagare shi. Shekara biyu ke nan ko saƙon waya sai ya ɗora tabarau, kuma daga shi sai matarsa suka san da zancen. Gwajin idon da hukumar alƙalan wasa ke yi haruffa ne can a jikin bango, kullum cinyewa yake yi. Sai ga shi bana an kawo na'urar bidiyo, an dasa wani ɗan allo a gefen fili. Tun daga ranar bawan Allah bai ƙara shiga wasa da kwanciyar hankali ba, don ya san ranar da aka gane, usur ya bar hannunsa.

Wasa shida Allah yana rufa masa asiri. A na bakwai, saura minti uku a tashi, ƙwallo ta bugi wani mai tsaron bayan masu gida a gaban raga. Dogo ya ga kamar ƙirji ne, ya ce a ci gaba. Sai muryar Ƙarami ta shigo masa ta na'urar da ke maƙale a kunnensa. Ƙarami shi ne mai kula da bidiyo, a hannun Dogo ya koyi ɗaga tuta. Ya ce shi ya ga hannu, abokin aikinsa ya ga ƙirji, gara Oga ya zo ya duba da kansa.

Dogo ya nufi allon. Bayan allon kuwa magoya bayan masu gida ne danƙam, waɗanda in aka ba da fenareti ƙungiyarsu ta faɗa rukunin ƙasa. Suna jijjiga wayar shinge, suna zaginsa ta uwa ta uba.

Ya sunkuya. Kore ya gani, da wani ja-ja yana motsi, shi ke nan. Ya ce a rage gudu, aka rage. Ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya ja da baya taku biyu, rana ta haske gilashin, ɗan abin da yake gani ma ya ɓace. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, wallahi tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba. Zai iya zaɓar ɗaya ya busa, wa zai sani? To amma wahalar mutane ta shekara guda ce zai yi wa canki-canka. Ga shi duk kalmar da ta fita bakinsa ana naɗa, hukuma za ta saurara.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "ba na ganin komai a allon nan."

Ƙarami ya ce ko rana ce, bari a sa wani ya kare masa.

"Ba rana ba ce. Idona ne."

Ƙarami ya ce, "Oga, ana naɗa fa."

Dogo ya ce ya sani. Tunda bai ga abin da zai rushe hukuncinsa na farko ba, sai ya koma fili ya nuna babu fenareti. Masu gida suka ɓarke da murna, baƙi suka yi masa caa, shi ko sauraronsu bai yi ba.

Yana zaune a ɗakin canza kaya, ko takalmi bai kwance ba, wakilin hukuma ya turo ƙofa. Bai yi faɗa ba. Takardar rahoton wasa kawai ya miƙa masa, ya ce don Allah Malam ya karanta masa layin farko.

Dogo ya karɓa. Ya miƙar da hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido. Ya daɗe a haka kafin ya mayar masa da ita.