Sarkin da Ke Ƙarƙashin Bangonmu

Tulu bayan tulu nake juyewa a ramin, ruwan yana ɓacewa kamar ana shanye shi daga ƙasa.

"Badawi, wai ruwa kake zubawa ko addu'a kake tofawa?" in ji Umma, ta riƙe ƙugu. "Ubanka yana kan teku, bango ko shafe ɗaya bai samu ba!"

Ubana, Rais Abdul-Maujud, shugaban masu haƙar kayan tarihi ne a gaɓar yamma ta kogi, tsallaken birnin Luksor. Tun kafin a haife ni yake tonon duwatsun nan yana neman kabarin sarki, bai taɓa samun abin da ya wuce fasassun tukwane ba. A shekarar ya tafi hajji. Mu kuwa ba a tarar alhaji da bango tsirara. Sai an shafe gida da farar ƙasa, an zana masa tafiyarsa a jikin ƙofa. Shi ya sa na haƙa rami a bayan gida, kusa da garken awaki, don in jiƙa farar ƙasar. Mai zanen ma ya iso tun da safe, Usta Shahhat, yana zaune a inuwa yana shan shayinmu.

"Ba ni wuri, ɗan Rais," in ji Usta. "Ko ramin ma sai an koya muku."

Ya dira ciki da sandarsa, ya caka sau ɗaya. Ƙasa ta zame, ƙafarsa ta nutse har gwiwa, ya kurma ihu yana kiran waliyyan garinmu kaf. Da muka janyo shi, sai ga dutse a ƙasan ramin, shafaffe, mai kusurwa.

Muka dubi juna. A ƙauyenmu ko jaririn goye ya san matakalar kabarin mutanen da in ya gan ta.

Kafin azahar maƙwabta sun cika bayan gida da kwanduna. Matakalar ta yi ƙasa, ta kutsa daidai ƙarƙashin bangon ɗakin Baba. A ƙarshenta muka ga saman wata ƙofa a toshe, an shafe ta da laka, an bi ta da hatimi. Ba tsaga, ba alamar wani ya taɓa ta.

Usta ya matso kusa da Umma, ya rage murya. "Ummu Badawi, a mayar da ƙasar nan. Abin da ke ƙarƙashin awakinki ai na awakinki ne."

"Mijina ya tsaya gaban Ka'aba, ni kuma in tare shi da kayan matattu a ƙarƙashin gado? Kai dai ka ji kunya, Shahhat. Badawi, tafi ka kira Afandi."

Ramzi Afandi shi ne mai duba kayan tarihi na yankinmu, siririn mutum mai jar dara da tabarau. Ya zo a kan jaki yana fifita. Ya sauka ramin, ya goge hatimin da hankicinsa, sai ya zauna daɓas a kan matakala. Ya nuna mana wani dogon zobe da aka kewaye rubutun hatimin da shi.

"Ba a yi wa talaka wannan," ya ce. "Sarki ne. Kuma ba a taɓa shiga ba."

Mata suka ɗauki guɗa. Usta ya manta da ƙafarsa ya shiga rawa. Ni ma na rungume wani maƙwabcinmu da muka yi wata ba ma gaisawa.

Afandi ya fito ya ɗaga kai ya dubi bangon. Fuskarsa ta sauya.

"Uwata, ki yi haƙuri. Matakalar ta bi ta ƙarƙashin wannan. In muka ci gaba da haƙa zai faɗo wa mutane. Dole a rushe shi, da ɗakin. Hukuma za ta ba ku fili a ƙasa, wajen gonaki."

"Ɗakin alhajin?"

"Gobe da safe zan zo da ma'aikata."

Guɗa ta mutu. Da hannunsa Baba ya ɗora tubalin ɗakin nan, a ciki aka haife ni. Umma ta tsaya tana kallon jakin Afandi har ya sha kwana, sannan ta juyo.

"Shahhat, ɗauko kayanka. Wannan bangon za ka zana."

"Wannan? Bayan gida? Awaki ne za su karanta?"

"Su ma bayin Allah ne. Hau tsani."

Usta ya dube ta, ya dubi bangon, sai ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya kwance. "Wallahi Rais ya auri alƙali bai sani ba."

Duk gidan da ke da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ya kawo, mata da maza muka hau shafe. Ranar ƙasarmu ba ta wasa, kafin la'asar bango ya bushe fari fat. Usta ya hau da burushinsa na zaren dabino. Ya zana jirgin ƙasa, ya zana jirgin ruwa mai hayaƙi, ya zana raƙumi da Baba a kai, gashin baki ya fi na gaske tsawo. A tsakiya ya zana Ka'aba. A sama, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rubuta Bismillah da addu'ar karɓar hajji da manyan baƙaƙe shuɗɗa. Rana tana faɗuwa yana sauka.

Washegari Afandi ya iso da masu diga. Dukansu 'yan ƙauyenmu ne, babu wanda bai ci gurasa a ƙarƙashin Baba ba. Suka zagayo bayan gida suka ja burki. Babbansu ya sauke digarsa a hankali, ya karanta rubutun a fili, sauran suka amsa da amin.

"To, bismillah mana," in ji Afandi.

"Ai ga ta can a sama, ranka ya daɗe," in ji babban. "Wa zai sa mata diga?"

Afandi ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Jiya bangon nan laka ne."

"Jiya ma alhajin bai kusa ba," in ji Umma.

"Fentin ko bushewa bai gama ba, uwata!"

"Sunan Allah ba ya jiran bushewa, ɗana."

Na ga gefen bakinsa yana motsi, yana danne dariya. "Ni ma akwai irinsa a gidan mahaifiyata," ya ce. "Ba zan ce a taɓa ba. Amma ba zan tura kowa ƙarƙashin bangon da ke tsaye a kan iska ba. Sai dai a tokare shi da azara, kuma wa zai yarda ya shiga ya kafa?"

Masu diga suka hau kallon ƙafafunsu. Wannan kam Umma ba ta shirya masa ba.

Sai muka ji ganga daga wajen mafitar jirgi.

Ashe ayarin alhazai ya sauka tun da hantsi, mu muna bayan gida. Ga Baba a kan farin jaki, cikin farar riga, ya rame ya yi baƙi, rabin ƙauye na biye da shi. Ya tsaya a ƙofar gidansa ya tarar da ita yadda ya bar ta, ko ɗigon fari babu.

"Ummu Badawi!" ya ƙwala kira. "Mutuwa aka ce miki na yi?"

Umma ta fito da gudu ta sumbaci hannunsa tana kuka tana dariya, ta ja shi zuwa bayan gida. Ya ga Ka'aba a saman garken awaki. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa ramin.

Bai tambayi kowa ba. Ya tattare riga ya sauka, ya durƙusa gaban hatimin, ya daɗe. Muka ji wani sauti, muka zaci kuka ne. Dariya yake, har yana dukan cinya.

"Na tone kwari, na tone tudu, gemuna ya yi fari," ya ce, "ashe mutumin yana nan yana jin tarina kowace safiya! Na roƙi Allah a Arfa ya nuna mini shi kafin in mutu. Ban san sai na bar gida za a samu wurin nema ba."

Afandi ya faɗa masa maganar bango da azara. Baba ya ɗaga kai ya dubi gashin bakin da Usta ya yi masa.

"Bangona ne, ni zan tsaya ƙarƙashinsa. Badawi, kai ma sauko, kai ka tsokano. Ku kuma 'yan banza, ku kawo azara!"

Da jin muryar nan masu diga suka watse a guje kamar ba su ne ke ƙirga yatsun ƙafa ba. Aka sari kututturen dabino, aka kafa, aka gicciye. Ƙasa tana zubo mana a wuya, Baba yana ba da umarni yana raba wa mutane dabinon Madina daga aljihu. Bangon ya yi ƙara sau ɗaya, sannan ya zauna daram.

An ɗauki kwanaki kafin manya su zo daga Alƙahira a buɗe ƙofar. Ranar, Umma ta goge babban farantinta na tagulla, na tsaya a bakin rami na tari rana da shi na jefa hasken ciki, yadda muke yi a kaburbura. Afandi ya shiga, Baba na biye. Can na ji Baba yana kiran Umma da Usta, na miƙa farantin ga wani maƙwabci na bi su.

Akwatin gawa ne na dutse ƙato a tsakiya, kewaye da gadaje da tuluna da abubuwa masu walƙiya da ban san sunansu ba. Amma Usta bango yake kallo. Wani dogon jirgin ruwa ne a zane, launinsa kamar jiya aka shafa, sarkin na zaune a tsakiya, ana tuƙa shi.

"Ikon Allah," in ji Usta. "Shi ma danginsa sun zana masa tafiyarsa."

"Nasa ya fi naka kyau," in ji Umma.

"Nasa ba hayaƙi, Ummu Badawi."

Da la'asar aka yanka ɗaya daga cikin awakin, aka zuba fatta, wato gurasa da shinkafa cikin romon nama, har Afandi ya nannaɗe hannun riga. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmarsa a bayan gida, ya jingina da bangonsa, a nan ya karɓi masu barka da sauka. Ƙofar gaba kuwa ba a shafe ta ba har yau, don babu mai bi ta can.